Shagon tura fim na bakin tasha, da Baturen da ya jinginar da shanun huɗarsa

A bakin tashar garinmu, kan hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari, akwai wani shagon caji da samari biyu ke riƙe da shi, wa da ƙani. Farantan sola biyu a kan rufin kwano, batura a ƙarƙashin benci, allon katako cike da soket, sai wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Caji suke yi, suna kuma tura wa mutane fim da waƙa da karatu a waya. Ni malamin firamare ne, ina taɓa noma kamar kowa a nan, kuma na fi shekara biyu ina kai musu waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau shi ne wani fim da na karɓo a wurinsu watan jiya, da gardamar da ya tayar a tsakar gidanmu wadda har yanzu ba ta kwanta ba.

Bari in fara da shagon, tunda shi na biya kuɗi. Cajinsu ba shi da laifi. Suna manna wa kowace waya lamba, su ba ka irinta a hannu, kuma ban taɓa jin an ce wayar wani ta yi ƙafa a wurinsu ba. Wannan kaɗai ya ishe su talla a ƙauye. Wajen tura fim ne sai ka yi haƙuri. Ƙanin ne ke kan kwamfutar, hannunsa da sauri, amma ba ya duba abin da ya tura. Idan ka je ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ka yi wa kanka, domin fatake da 'yan acaɓa sun cika bencin, kowa na miƙa memori ta saman kan wani. Ni kuwa ranar na je.

Na ce masa ina son abin da zan kalla da Inna da yara ba tare da na riƙa miƙa hannu ina tsallake wani wuri ba. Ba rawa, ba harbe-harbe. Ya ce, "Malam, akwai wani na ƙauyen Turawa da aka kawo mana daga Kano, ba wanda ke karɓa saboda ba a fassara shi ba. Kai da kake jin Turanci ai sai ka gwada." Naira ɗari ya karɓa ya zuba min kashi biyar. Da na isa gida sai na tarar ba suna a jikin ko ɗaya, lambobi ne kawai, su ma a hargitse. Na ɓata rabin dare ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin na gane wanne ne farko. Kashi na farkon kuma, wanda shi ne zancenmu, ya yanke ana saura kamar minti takwas ya ƙare, daidai inda ran mutum ya rataye. Washegari na hau babur na koma. Ya sake turawa bai karɓi ko sisi ba, ya kuma ba ni haƙuri, na yaba masa da wannan. Sai dai ya ɗora laifin a kan memorina, alhali a hannunsa na saye ta, an rubuta 32 a jikinta amma ko rabin haka ba ta ɗauka. Shawarata ga mai zuwa: kada ka tashi daga bencin sai ka ja fim ɗin zuwa ƙarshe da yatsanka ka ga rubutun rufewa ya hau.

Fim ɗin sunansa Little House on the Prairie. Mai dogon zango ne, tashar NBC ta Amurka ta nuna shi daga 1974 zuwa 1983, zango tara, kashi sama da ɗari biyu. An ɗauko shi daga littattafan Laura Ingalls Wilder, wadda aka haifa a 1867 ta rasu a 1957, ta kuma rubuta labarin ƙuruciyarta bayan ta manyanta. Michael Landon ne ya fito a matsayin uban, Charles, shi ne ma ya ba da umarnin wannan kashi da aka fara nunawa ranar 11 ga Satumba, 1974. Da na faɗi shekarar, Kawu, yayan Inna, ya ce to lokacin su Turawa na kallon talabijin, su nan suna fita daga farin 1973, ana bin gidan tururuwa. Tun daga nan na san kallon ba zai tafi shiru ba.

Mun kalla ne bayan isha'i, a ƙaramar talabijin mai sola da na jingina a kan turmi. Akwai Inna, da Kawu, da uwargida, da yara huɗu, da maƙwabcinmu mai ɗori da matarsa da ta leƙo aron rariya ta zauna. Ni ne tafinta. Sautin ya yi ƙasa ƙwarai, sai na tsuguna kusa da akwatin in saurara, in tsayar, in juyo in faɗa da Hausa. Fim ɗin da bai kai awa guda ba ya ci mana kusan biyu.

Labarin ba shi da wuyar bi. Magidanci ya iso wani ƙaramin gari, Walnut Grove a jihar Minesota, da matarsa da 'ya'ya mata uku da shanu biyu, ba kuɗi. Ya yi aiki a injin yanka katako na wani dattijo, aka biya shi da katakon da ya gina gida. Saura garma da iri. Ya je kantin garin neman bashi aka hana shi. Sai ya faɗa hannun wani mai sayar da iri da abincin dabbobi, suka yi yarjejeniya a rubuce: zai ba shi garma da irin alkama, shi kuma ya gyara masa rufin sito ya jera masa buhunan hatsi cikin mako uku. In wa'adi ya cika bai gama ba, shanun sun zama na mai sito.

A nan Kawu ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya ce, "Maimaita min, ɗan nan. Me ya sa a jingina?" Na ce, "Shanun huɗar, Kawu." Ya tafa hannu ya yi salati. Ya ce wannan ba manomi ba ne, kafinta ne ya shigo gona. Wai manomi ya jinginar da agogo, ya jinginar da babbar riga, ya jinginar da amalanke in ta kama, amma ba shanun da za su ja garmar da ya karɓo ba. In an ƙwace su, garmar a wuyan wa zai ɗaura? Ya kawo misalin wani mutumin garinmu da ya rasu, wanda ya karɓi taki bashi a kan bijiminsa ɗaya, damina ta yi gardama, aka kai bijimin Maigatari, ɗayan ya zauna ba abokin karkiya har shi ma aka sayar. Na ce masa ai mutumin baƙo ne, ba shi da wani abin da zai ajiye. Kawu ya ce baƙon da ya san kansa shekarar farko ƙwadago yake yi a gonar wasu, ya ga yadda ƙasar take, ba ya zo da zafinsa ya ce sai ya noma tasa a bana ba. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, amma ban sami abin cewa ba, sai na saki fim ɗin.

Wurin da na fi so a kashin shi ne tsakiyarsa, inda ba abin da ke faruwa sai gajiya. Mutumin nan yana yin rabin yini a injin katako, rabi a kan rufin sito, ya dawo ya shiga gonarsa da sauran hasken da ya rage. Yana shigowa gida yaran sun yi barci, yana fita ba su tashi ba. Ranar Lahadi ya sa kayan zuwa coci, ya ɗan kishingiɗa, barci ya ɗauke shi. Matar ta tafi da yaran, ta dawo ta tarar da shi a bayan garma, ranta ya ɓaci. Duk wanda ya taɓa haɗa aikin albashi da noman fari ya san wannan barcin. Ni na taɓa yin sa a zaune a kan benci, alli a hannu, 'yan aji huɗu suna kallona. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai dube ni ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Inna kuwa bayan matar ta bi. Ta ce ko a wane addini ne, ranar ibada ba a sayar da ita don kunya goma ta huɗa, kuma matar ta yi daidai da ta faɗa masa a fili maimakon ta kumbura ta yi shiru.

Sai faɗuwar. Ya ɗauki iyalin sun fita shan iska, abin wasan nan na takarda da zare da iska ke ɗagawa sama ya maƙale a bishiya, ya hau cirowa, ya faɗo ya karya haƙarƙari. A nan maƙwabcinmu mai ɗori ya karɓe zancen. Ya yaba yadda likitan ya naɗe ƙirjin ya ce a kwanta, domin a cewarsa haƙarƙari ba a yi masa karan ɗori, lokaci ne maganinsa, kuma mai shi ko tari ya yi sai ya ga taurari. Amma ya ce ƙarya ce mutum mai irin wannan karaya ya tashi cikin kwanaki ya ɗaga buhu ko ɗaya. Na ce ai fim ɗin ma bai ce ya iya ba. Ya ce ya dai ɗaga wasu kafin ya zube, shi kuwa ko ɗaya bai yarda ba. Matarsa ta ce ya bari a ji, shi kullum sai ya nuna sana'a.

Abin da ya biyo baya ne ya sa tsakar gidan ta yi tsit. Matar ce ta kama garma da kanta tana huɗa, mai sito ya zo da takardarsa ya kwance shanun ya tafi da su. Inna ta ce, "La'ilaha, a gaban mace?" Mijin ya ji, ya sauko daga gado, ya ja jiki zuwa gari domin wa'adin bai gama cika ba, ya fara jera buhunan har ya faɗi. Sai ga 'yan matan biyu, Mary da Laura, sun biyo shi, suna jan buhun da ya fi su nauyi. 'Yata ta biyu, wadda ba ta wuce shekarun Laura ba, ta matso ta riƙe gwiwata. Daga nan mazan garin suka fito ɗaya bayan ɗaya, mai injin katako, da likita, da mai kanti da sauransu, suka yi layi suna miƙa wa juna buhu har aka gama. Mai sito ya tsaya yana kame-kame, dole ya mayar da shanu. Wannan ne wurin da ya yanke mana a daren farko, daidai kan yaran suna jan buhu, shi ya sa na ce sai da na hau babur.

Ni a raina na ɗauka za a tafa a watse. Ina! Kawu ya ce, "To ai gayya ce. Duk wannan wahalar da gayya za a ƙare, me ya hana shi kira tun ranar da ya faɗo?" Ya shiga ba yara labarin yadda ake yi a zamaninsu: mai gona ya aika wa sarkin noma da goro, a sa rana, mata su kwana suna daka, a dama fura a manyan ƙore, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru kunya-kunya ana yi wa kowa kirari, kafin azahar gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu ta ƙare. Ya ce gayya ba roƙo ba ce, biki ce, ka yi wa wani yau a yi maka gobe, saboda haka ba abin kunya a kiranta. A ganinsa girman kai ne ya kwantar da Baturen, ba bishiya ba.

Inna ta juya zancen. Ita ba ta kama sunana, ɗan fari ne ni, sai ta ce, "Kai wannan, tambayar min su mutanen garin. Ba su ji ya faɗo ba ne? Likitan ba shi ya naɗe shi ba?" Na ce shi ne. Ta ce to laifin nasu ne. Mutum yana kwance, matarsa na bayan garma, garin da bai fi gida ashirin ba, sai da suka ga ƙananan yara mata na jan buhu a tsakiyar kasuwa kunya ta kama su. Ta ce a nan ko kishiyar uwarka ce ta ji ka karye, kafin la'asar ta aiko da kunu, kuma ba a jiran mara lafiya ya yi gayya, maƙwabta ne ke yi masa. Wannan magana ta fi ta Kawu zama a raina, domin na sake kallon kashin ni kaɗai na ga masu fim ɗin sun jinkirta taimakon ne don ya zo daidai inda zai fi sa hawaye. Dabara ce ta masu shirya labari, kuma ta yi aiki, amma tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya ta gano ɗinkin.

Inda na tsaya wa fim ɗin shi ne abin da mazan suka yi bayan buhunan. Ba su ce masa za mu nome maka gona don ka karye ba. Sun ce suna son yin gasar huɗa, ko zai ba su aron gonarsa su yi a ciki. Da na fassara wannan, Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To, wannan kam sun iya." Domin ko a gayyar tamu akwai mutumin da in ka ce za ka taimake shi ka kashe shi, sai ka zagayo ta bayan gida ka mai da shi kamar shi ne ke yi maka alfarma. Wanda ya rubuta wurin nan ya san halin talaka mai zuciya. Saboda shi kaɗai ma na ce Naira ɗarina ba ta faɗi ba.

Uwargida ce ta jefo abin da ba wanda ya so ji. Ta ce duk ana ta yabon gayya, yaushe rabon da a yi ta a garin nan? Bana noman fari kuɗi muka biya 'yan ƙwadago, maimai ma haka, mai shanun huɗa kuma sai da aka ba shi rabin kuɗinsa kafin ya ɗaura karkiya. Samarin da za su jeru a kunya suna Kano da Abuja da Legas, waɗanda suka rage suna kan babur. Kawu ya ce zamani ne ya lalace. Ta ce, cikin ladabi, "Kawu, ai ko ranar da aka yi ta ƙarshe, hatsin furar ya fi kuɗin ƙwadago." Bai amsa ba, ya nemi a miƙo masa buta.

Wasu ƙananan abubuwa. Kawu ya tambaya wane dagaci ne ya yanka wa baƙo gona haka da faɗi. Na gaya masa a zamanin gwamnatin Amurka ce ke rabon ƙasa, har akwai dokar 1862 da ta ba mutum eka 160 in ya zauna a kai ya noma ta shekara biyar, kuma ƙasar wannan yanki asalinta ta mutanen Dakota ce da aka tura gefe. Ya ce ashe gonar ma da mai ita. Kashin bai taɓa wannan zance ba ko kaɗan. Sannan duwatsu da tuddan da ake gani a bayan gidan ba na Minesota ba ne, a wani fili a Kalifoniya aka ɗauki fim ɗin, ainihin wurin shimfiɗaɗɗe ne kamar namu nan. Iyalin na gaskiya kuma da suka isa can a 1874 ba gidan katako mai bene suka fara shiga ba, ɗaki ne da aka haƙa a jikin gaɓar rafi. Kuma gashin Charles ya yi kyau fiye da na mutumin da ke yini a kan rufi, wannan uwargida ce ta lura, ba ni ba.

Game da tarbiyya, ban miƙa hannu na tsallake ko wuri ɗaya ba. Akwai coci da addu'arsu, mata da dogayen riguna har ƙasa da hula, miji da mata suna ɗan rungumar juna a gaban yara, wanda ya sa Inna ta kau da kai sau biyu. Iyakarsa ke nan. Hoton ya ɗan dushe irin na tsofaffin finafinai, amma a ƙaramar talabijin ba ya damun ido. Babbar matsalar ita ce rashin fassara. Gidan da ba mai jin Turanci za su gane rabin labarin daga fuska da aiki, amma yarjejeniyar da zancen gasar huɗa za su wuce su, su ne kuwa naman. Na gaya wa yaran shagon, da masu fassara finafinan Indiya za su ɗauki irin wannan da sun sami kasuwa wurin dattawa. Wan ya ce dattawa ba sa sayen memori, 'ya'yansu ke saya, su kuma faɗa suke so.

Zan koma shagon, ranar da ba Alhamis ba, da memorin da zan sayo a Gumel. Kawu, wanda ya ce mutumin ba manomi ba ne, ya aiko jikansa sau biyu yana tambaya yaushe za a sa na gaba. Na biyun mun kalla, na shigar yaran makaranta ne da 'yar mai kanti da ke yi musu kallon 'yan ƙauye, yara sun ji daɗinsa, Kawu ya yi gyangyaɗi. Na ukun na leƙa ni kaɗai: alkamar ta nuna, saura girbi, ƙanƙara ta sauko cikin dare ta kwantar da ita, mutumin ya kama hanya a ƙasa neman aikin fasa dutse. A tarihin iyalin na gaskiya fara ce ta cinye musu alkamar a 1875. Geronmu yanzu ya fitar da kai, bai bushe ba, kuma na san Inna, za ta ce na jawo mana da bakina. Na gaya wa jikan Kawu ya ce masa na ukun bai turu daidai ba, sai an ɗaure dami an kai rumbu zan koma a sake min.